Farin ƙyalle a goshi, sanda a hannu: yaya ake karanta kayan makokin mutanen Biyetnam?

Garba_Mai_Tambaya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Duk hoton jana'izar mutanen Biyetnam da mutum ya duba, abu ɗaya yake gani: maza cikin farar riga shara-shara wadda bakinta duk zare ne a sake, a kansu wani abu kamar gammo, a hannunsu sanda. Mata kuma da wani farin lulluɓi mai tsini da ya sauko har fuska. Yara wasu da farin ƙyalle a goshi, wasu rawaya, can kuma ka hango ɗaya da ja. An ce wai farin nan daga addinin Buddha ya samo asali. Gaskiya ne? Kuma me ya kawo rawaya da ja a gidan mutuwa? Masana a taimaka mana.

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam Malam Garba. Wanda ya ce maka daga Buddha ne ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Limaman Buddha su ke karatun addu'a a yawancin jana'izu, kuma lissafin kwana 49 na addu'o'in bayan mutuwa nasu ne. Amma kayan da ka gani a jikin 'ya'yan mamaci tsarin koyarwar Konfushiyas ne, masanin falsafa na zamanin da, daga ƙasar Sin ya shigo. Malamin nan na Sin, Zhu Xi, wanda ya rasu a 1200, ya tsara ladubban gida, sannan a ƙarni na 18 wani malamin Biyetnam mai suna Ho Si Tan, mutumin lardin Nghe An, ya taƙaita su daidai da ƙasarsa a littafin Tho Mai Gia Le. Har gobe shi dattawan ƙauye suke buɗewa idan gardama ta tashi a gidan makoki.

Tsarin matakai biyar ne, kuma ƙa'idarsa guda ce: iya kusancinka da mamaci, iya kaushin yadinka da tsawon makokinka. Na farko tram thoi, shekara 3, yadi mafi kaushi, ba a kalmashe bakinsa. Wannan na ɗa ne ga mahaifinsa, da mace ga mijinta. Na biyu te thoi, yadin da kaushi amma an kalmashe baki. A ƙarƙashinsa akwai shekara 3 ga uwa, shekara 1 ga kakannin wajen uba da 'yan'uwan ciki ɗaya, haka miji ga matarsa. Na uku dai cong, wata 9, misali ɗan baffa. Na huɗu tieu cong, wata 5, nan kakannin wajen uwa suka faɗo. Na biyar ti ma, wata 3, dangi na nesa. Ka lura da yadda kakan wajen uba ya samu shekara guda, na wajen uwa wata biyar. Tsarin gaba ɗaya a kan zuriyar uba aka gina shi.

Tela_Fagge:
Allah ya gafarta Malam, bari in ƙara ta fuskar ɗinki, domin a nan ma'anar take. Yadin suna ce masa xo. A da da zaren wani tsiro mai kama da ramarmu ake saƙa shi, yanzu auduga ce sakwa-sakwa, kamar ƙyallen tatar koko, kana iya ganin rigar da ke ƙarƙashi. Ba a sa masa shuni, ba a goge shi, ba a sa maɓalli, igiya ake ɗinka masa ta ɗauri. Ɗinkin ma da gangan ake yin sa manya-manya, kuma a rigar makokin uba ana juyo da haɗin baya waje, kowa ya gan shi. Abin da ake nufi shi ne baƙin ciki bai bar mutum ya kula da kyan tufa ba. Telan da ya gyara rigar nan tsaf-tsaf ya ɓata aikin.

Ɗamarar kuwa igiya ce ta rama ko ta busasshen ɓawon itacen ayaba, a murɗa ta a ɗaura a kugu. Abin da Malam Garba ya kira gammo, gammon ne kuwa: mu rom, ana nannaɗe ciyawar shinkafa ko ɓawon ayaba a yi zobe mai kauri, a zagaye shi da ɗan farin yadi, a ɗora a kan ƙyallen goshi. 'Ya'ya maza kaɗai ke sa shi.

Ƙyallen goshin, khan tang, yaga shi ake yi daga bandir ɗin yadi, tsawonsa ya ɗan haura mita ɗaya, a ninka shi ya zama siriri. Inda ake samun matsala shi ne ƙidaya. Dole a zauna da wani dattijon dangi a lissafa kowa da matsayinsa kafin a taɓa yadin. Idan aka manta da mutum ɗaya, ba ƙarancin yadi zai ɗauka ba, cewa zai yi an cire shi daga dangi a gaban jama'a, kuma irin wannan ɓacin rai kan daɗe.

Hajiya_Binta:
Malam Tarihi, shekara uku cur? Mu da takabar wata huɗu da kwana goma ma muke ganin tsawonta. Yaya mutum zai yi noma ko kasuwa cikin wannan riga har shekara uku?

Malam_Tarihi:
Hajiya, abu biyu ne. Na farko, sunan shekara uku ne amma lissafin wata 27 ne. Ana cika wata 12 na kalandar wata a yi taron cikar shekara, gio dau. Ana cika 24 a yi na biyu, gio het. Sai a ƙara wata 3, a yi bikin tuɓe makoki. An taɓa shekara ta uku ke nan, shi ya sa ake kiransa haka. Hujjar da Konfushiyas ya bayar ita ce jariri ba ya sauka daga hannun iyayensa sai ya shekara uku, don haka bashi ne ake biya.

Na biyu, ba kullum ake yawo da rigar ba. Ana sa ta ranakun jana'iza da ranakun taron tunawa, sauran lokaci a rataye ta kusa da teburin da ake keɓe wa mamaci a gida. Abin da yake ɗorewa shi ne hani: ba aure, ba zuwa biki, ba kayan ado masu launi, kuma a sabuwar shekararsu ta Tet mai makoki ba ya shiga gidajen mutane gaisuwa, don kada a ce ya kai musu rashin sa'a.

Dan_Gandun_Daji:
Ba wanda ya taɓo sandar, alhali daga nesa ita ke faɗa maka wa ya mutu. Suna da karin magana a kai: uba gora, uwa vong. Idan uba ne, ɗa zai riƙe sandar gora, a barta da zagayenta, alamar sama. Sun kuma ce gora ba ta canza launi rani da damina, kamar yadda kewar uba ba ta gushewa. Idan uwa ce, sai itacen vong, wanda dangi ɗaya ne da minjiryarmu, mai jan fure da ƙaya a jiki, itace marar nauyi. Ana sassaƙe gindinsa ya zama mai kusurwa huɗu, alamar ƙasa, saman a bar shi a zagaye. A littattafan Sin wani itace ne daban aka ambata, mutanen Biyetnam suka maye gurbinsa da wanda ke shingen gidajensu.

Tsawon sandar daidai ƙirjin mai riƙe ta ake yankewa, saitin zuciya, kuma gindin itacen ne ke kallon ƙasa. Kowane ɗa namiji da tasa. Wanda yake nesa bai samu zuwa ba, sai a ɗora sandarsa da gammonsa a kan akwatin gawar, a tafi da su maƙabarta a madadinsa. Idan babban ɗa ya riga uban rasuwa, babban ɗansa shi ne zai ɗauki sandar, ya sa cikakkun kayan, ya yi wata 27, ko da baffanninsa suna tsaye a wurin.

Ummu_Sadiya:
Sannunku da ƙoƙari, amma duk bayanin ya tafi kan maza. Lulluɓin nan mai tsini da Malam Garba ya gani sunansa mu man. Yadin xo ne ake ninkawa a ɗinke gefe ɗaya ya zama kamar mazurari, ya rufe kai ya sauko bisa fuska, gashi kuma a sake shi ba ɗauri. Matar mamaci da 'ya'yansa mata da matan 'ya'yansa ne ke sa shi. Ba su riƙe sanda.

Abin da ya fi taɓa zuciya a tsarin shi ne matsayin 'ya mace da ta yi aure. Iyayen mijinta za ta yi musu wata 27, iyayen da suka haife ta kuwa shekara ɗaya kacal, domin a lissafinsu ta koma wata zuriya. Sai in aurenta ya mutu ta dawo gidan ubanta, sannan cikakken makokin ya dawo kanta. Kuma ku duba: mace shekara uku ga miji, miji shekara ɗaya ga mata. A gaskiya wannan rashin daidaito ne, kuma matan Biyetnam da yawa a yau ba sa bin sa, 'ya mace tana yi wa iyayenta makoki daidai da ɗan'uwanta. Surukin gida namiji kuwa, a tsarin Sin wata 3 ne, amma a Biyetnam an saba ya yi shekara, da farin ƙyalle a kai, ba gammo ba sanda.

Garba_Mai_Tambaya:
Na gode ƙwarai Yaya Ummu Sadiya, na ƙaru. Amma har yanzu rawaya da jan nan ba a warware mini ba.

Mai_Nazarin_Asiya:
Ga shi nan ɗan'uwa. A arewacin ƙasar, jikoki farin ƙyalle suke ɗaurawa a zagaye kai. Tattaɓa-kunne, chat a bakinsu, rawaya. 'Ya'yan tattaɓa-kunne kuwa ja. Jan nan ba kuskure ba ne, abin alfahari ne. Ja launin murna ne a wajensu, kuma idan ka gan shi a jana'iza, mamacin ya ga zuriya biyar a raye ke nan, da shi a ciki. Shi ya sa ake sa yaran nan masu rawaya da ja a gaba-gaba cikin jerin rakiya, kowa ya shaida tsohon ya cika da albarka.

A kudu, wajen birnin Ho Chi Minh da yankin kogin Mekong, an fi barin ƙyallen fari a sa masa ɗigo a tsakiyar goshi: ɗigon ja jikan wajen ɗa namiji, shuɗi ko kore jikan wajen 'ya mace. Kalma ɗaya suke da ita ta shuɗi da kore, xanh, don haka za ka ga wannan a wani gida, ka ga wancan a wani. Wanda ya ɗauki ma'anar arewa ya kai kudu zai yi kuskure, ya ga ɗigon ja ya zaci ɗan tattaɓa-kunne ne alhali jika ne na kusa.

Tela_Fagge:
Ƙari kaɗan kan ƙyallen. 'Ya'ya da matar mamaci ba sa zagaye kai su soke bakin kamar jikoki. Ƙulli suke yi a ƙeya su saki jela biyu a baya. Idan jelar ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ɗaya daga cikin iyayen yana raye. Idan sun yi daidai, duka biyun sun tafi. Mai zuwa ta'aziyya daga bayan mutum yake karanta wannan, ba sai ya tambaya ba.

Jamiin_Lafiya_Zariya:
Kafin a kai ga tufafin akwai aikin gawar kanta, kuma yanayin ƙasar, zafi da laima, shi ke juya komai. Ana wanke mamaci da ruwan da aka dafa da kayan ƙamshi irin su kirfa, wasu da barasa da citta. A yanke masa farce a ƙunshe a sa cikin akwati. A sa masa tufafi, amma a cire maɓallai. Daga nan sai phan ham: a sa ɗan tsinken cin abinci tsakanin haƙora don baki kada ya ƙulle, a zuba ɗan shinkafa da tsabar kuɗi guda 3, guzurin hanya. A tsohuwar al'ada ɗa yakan hau rufin gida da rigar mamacin yana kiran kurwarsa ta dawo, yana ambaton kurwa 3 da ruhin jiki 7 in namiji ne, 9 in mace ce. Ku riƙe lambobin nan, za ku yi ta haɗuwa da su: kyandir 7 ko 9 ake kunnawa a kan murfin akwati.

Naɗin likkafani kashi biyu ne, ƙarami mai ɗauri ɗaya a tsaye uku a kwance, babba mai ɗaya a tsaye biyar a kwance. A ƙasan akwatin ana shimfiɗa busasshen ganyen shayi mai yawa, ko guggurun shinkafa, don su tsotse ruwan jiki su rage wari. Haɗin katakon ana toshe shi da ƙaron itace da aka kwaɓa da garin katako. Idan aka yi sakaci a nan, kwana biyu cikin zafi akwatin zai fara ɗiga a tsakiyar falo, ga jama'a cike. Wannan ya sa dokar ma'aikatar lafiyarsu ta 2009 ta ƙayyade awa 48 ga gawar da ba a sanyaya ba, kwana 7 idan tana cikin sanyin digiri 2 zuwa 4.

Abu biyu da suke tsaro sosai: kada hawayen mai kuka ya ɗiga a kan gawa, wai zai hana mamaci tafiya, kuma kada kyanwa ta tsallake ta. Shi ya sa ake ɗaure kyanwoyin gida, a yi gadin gawar dare da rana. A arewa akan ɗora wuƙa a cikin mamacin, a kudu nonon ayaba ɗanye.

Abu_Hafsat:
Alhamdu lillahi da ni'imar Musulunci, mu dai wanka, likkafani, salla, kabari, an gama. Ina tambaya da kyakkyawar niyya: babu Musulmi ne a ƙasar? Su ma haka suke yi?

Mai_Nazarin_Asiya:
Akwai su Malam Abu Hafsat. Duk abin da ake faɗa a sama na ƙabilar Kinh ne, wadda ta kai kusan kashi 85 cikin ɗari, amma ƙabilu 54 ne a ƙasar. Musulmin ƙabilar Cham na lardin An Giang, wajen Chau Doc kusa da iyakar Kambodiya, 'yan mazhabar Shafi'iyya ne, jana'izarsu irin wadda ka lissafa ce, ba sa jinkirta binnewa, ba gammo ba sanda. Akwai kuma Cham Bani a yankin Ninh Thuan da Binh Thuan, masu tsohon Musulunci da ya cakuɗa da al'adun gargajiya, su ma binnewa suke yi. 'Yan'uwansu Cham masu bin addinin Hindu kuwa ƙona gawa suke yi, su ajiye gutsattsarin ƙashin goshi guda 9 a ƙaramin akwati, daga baya a kai maƙabartar dangin uwa.

Kiristocin Katolika na Kinh kuma ba su yar da farin ƙyallen ba. A 1965 bishop-bishop na kudancin ƙasar suka fitar da sanarwar da ta yarda da girmama kakanni ta hanyar al'ada, don haka za ka ga mutum da ƙyalle a goshi yana kunna turaren tsinke a gaban akwati mai gicciye. Wannan ma ya ƙara nuna wa Malam Garba cewa kayan ba na Buddha ba ne.

Baba_Lawal:
Yara, akwai gaɓar da kuka tsallake, kuma ita ce mabuɗin lamarin. Mutum ba ya sa kayan makoki don kawai an mutu. Sai an sa gawa a akwati an rufe, sannan a yi phat tang, wato rabon kayan. A jera su a faranti a gaban akwatin, dangi su durƙusa, a miƙa wa kowa nasa bisa girma, babban ɗa a farko. A littafi rana ta huɗu ake yi, yanzu da dokar awa 48 ana yi nan take bayan rufe akwati. Kafin wannan lokaci, a idon al'ada makoki bai fara ba, ba a buga ganga, ba a karɓar masu ta'aziyya.

Daga nan ne wata dabara ta fito mai suna cuoi chay tang, auren tsere wa makoki. A ce an sa ranar auren saurayi, sai kakarsa ko ubansa ya cika. In aka raba kaya, aure ya tsaya shekara ɗaya ko wata 27. Sai a danne kuka, a aika gidan amarya da gaggawa, a ɗauko ta da 'yan rakiya kaɗan ba kiɗa ba shagali, a gabatar da ita ga kakanni. Tana zama matar gida sai a raba kaya, ita ma a miƙa mata nata lulluɓin. Yarinya ta shigo da kayan amarci da safe, da yamma tana cikin xo. Abin tausayi ne ƙwarai, amma a gidan manomi da ke buƙatar hannu a gonar shinkafa, jiran shekara biyu da wata uku ba ƙaramin abu ba ne.

Ummu_Sadiya:
Baba, Allah ya ƙara girma. Sai kuma ranar fita da gawa. Ƙa'idar ita ce cha dua me don: uba a raka shi, uwa a tarbe ta. In uba ne, ɗa yana bin bayan akwati yana dogara sanda. In uwa ce, yana gaban akwatin yana tafiya da baya-baya, fuskarsa na kallonta, kamar mai son tare ta kada ta tafi. Saboda haka wani ɗan'uwa kan riƙe shi ta gefe, don hanyar maƙabarta kan bi ta kunyar gonakin shinkafa, ga santsi. Tsofaffi sukan ce amfanin gammon ma ke nan, ya kare kan wanda kuka ya ɗauke wa hankali, sandar kuma ta tallafi wanda ya kwana biyu bai ci ba.

A da 'ya'ya mata da matan 'ya'ya sukan kwanta a kan hanya a wuce da akwati ta samansu, lan duong. Hukuma ta daɗe tana hana wannan, ya ragu sosai. Watsa kuɗin takarda na bogi a hanya kuwa yana nan, duk da ana ta kira a daina.

Dan_Gandun_Daji:
A tsakiya da kudu akan ɗora ƙaramin kofi cike da barasa a kan murfin akwati, a sa kuɗi a ƙarƙashinsa. Masu ɗauka in suka fita da gawar ba ɗigo ɗaya da ya zube, kuɗin nasu ne. Shugabansu da 'yan sanduna biyu yake ba da umarni, yana buga su, ba ya magana. Manufar a tafi da mamaci a hankali, ba girgiza.

Zainab_Mai_Fassara:
Ga ɗan kasuwa ko ɗalibin da mutuwa za ta riska a gidan abokin hulɗa a can, ga abin da ya kamata ya sani. Baƙo ba ya sa farin ƙyalle, na dangi ne. Kaya masu duhu marasa ado sun wadatar. Ana kai gudummawar kuɗi a ambulan, a rubuta suna a baya, domin gidan suna rubutawa su rama wata rana. Su a al'adarsu suna kunna turaren tsinke su rusuna sau 2 muddin ba a binne ba, don har lokacin ana ɗaukar mamacin kamar mai rai, bayan binnewa kuma sau 4. Ɗan mamaci da ke tsaye a gefe yana mayar da rabin rusunawar. Musulmin da ba zai rusuna ba ya tsaya shiru a natse, ya juya ya yi wa iyalan ta'aziyya, ya miƙa ambulan ɗinsa.

Zai ga kwanon shinkafa a cike tim a kan akwatin, da dafaffen ƙwai a sama tsakanin tsinken cin abinci biyu da aka fere suka yi gashi-gashi. Wannan ne dalilin da ya sa soke tsinke a tsaye cikin shinkafa a teburin cin abinci babban abin ƙi ne a ƙasar. Kiɗa kuma zai ji shi, algaita da ganga da goge a arewa, kakakin Turawa irin na 'yan fareti a kudu. Dokar 2011 ta hana shi kafin ƙarfe 6 na safe da bayan 10 na dare.

Jamiin_Lafiya_Zariya:
Tunda an kai kabari, a arewa binnewar farko ba ita ce ta ƙarshe ba. Bayan shekara uku ko fiye ana yin cai tang, a tono ƙasusuwa a sake musu mazauni. Dokar 2009 ta ce kada a yi kafin wata 36. Ana zaɓar ƙarshen shekara, lokacin sanyi da rani, kuma cikin dare ko kafin asuba, don kada rana ta taɓa ƙashi, in gari ya waye a kafa rumfa. Ana buɗe ƙasa tun da yamma, murfin kuma sai lokacin da aka tsayar. A tsince ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, a wanke da ruwan ƙamshi, a jera su bisa tsarin jiki a ƙaramin akwatin yumɓu mai suna tieu, a lulluɓe da jan yadi. Saboda wannan rana ne tun wajen likkafani ake sa wa mamaci safar hannu da ta ƙafa, don ƙananan ƙasusuwan yatsu su tsaya wuri ɗaya, kada su ɓace cikin laka.

Abin da ke ɓaci shi ne a buɗe a tarar jiki bai gama narkewa ba. Dalilan sanannu ne: ƙasa mai yashi ko busasshiya, akwati mai kauri da aka toshe sosai, naɗi da leda, tufafin roba. Sai dai a mayar a rufe a ƙara jira, ko a ɗauko masu sana'ar su raba nama da ƙashi da wuƙa a gaban 'ya'ya. Wannan tashin hankali na daga abin da ke tura mutane ga ƙona gawa. Maƙabartar Van Dien ta Hanoi ta daina karɓar sabon binnewa a 2010, wurin ƙona gawa ne ke aiki a can. A kudu kuwa tun asali sau ɗaya ake binnewa, a gina kabarin da siminti. Nasu bikin shi ne na rana ta uku, buɗe ƙofar kabari: tsani mai hawa 7 ko 9, karan rake, bututun gora uku da shinkafa da gishiri da ruwa, da ɗan tsako da ake zagaya kabarin da shi.

Malam_Tarihi:
Mu dawo kan tufafi. A da ba zaɓi ba ne, doka ce. Kundin dokokin Hong Duc na ƙarni na 15 da na Sarki Gia Long na 1815 duka suna ɗauke da jadawalin matakan makoki, kuma yin aure cikin makokin iyaye laifi ne mai hukunci. Ma'aikacin sarki ma ajiye aiki yake yi ya koma gida. Yau dokar ƙwadago ta 2019 kwana 3 take ba ma'aikaci da albashi idan iyayensa, surukansa, abokin aurensa ko ɗansa ya rasu.

Baƙin kaya kuwa tasirin Turawa ne tun zamanin mulkin Faransa. A birane yanzu za ka ga iyali cikin baƙaƙen kaya amma da farin ƙyalle a goshi, jami'an gwamnati da baƙin ƙyalle a damtse, kamar yadda aka gani a jana'izar ƙasa ta Janar Vo Nguyen Giap a Oktoban 2013 da ta shugaban jam'iyya mai mulki Nguyen Phu Trong a Yulin 2024. Bayan jana'iza sai a maƙala ɗan ƙaramin baƙin abu mai kusurwa huɗu a ƙirjin riga, a je aiki da shi. A ganina rigar xo tana kan hanyar ɓacewa.

Tela_Fagge:
Malam, a nan kam ban bi ka ba. Rigar ba ta ɓace ba, ɗinkinta a gida ne ya ɓace. Kamfanonin jana'iza suna kawo ta a ƙunshe, saiti-saiti, na ɗa daban, na suruka daban, har gammo da sanda. Illar ita ce sukan kawo iri ɗaya ko uba ne ko uwa, ba a duba kalmasa, wani lokaci ma a miƙa wa mai makokin uwa sandar gora don ita ce a kusa. Abin da ya ragu da gaske shi ne tsawon lokaci. Da yawa suna roƙon limamin Buddha ya yi musu xa tang, sauke makoki, a kwana 49 ko kwana 100, wasu ma a wurin ƙona gawar, musamman mai shirin aure ko jarrabawa ko buɗe shago. Ko yaushe aka sauke, ƙarshen kayan ɗaya ne: riga, ƙyalle, ɗamara, gammo da sanda, a tara a ƙone, ba a ajiye su don wata mutuwar.

Garba_Mai_Tambaya:
Allah ya saka da alheri, yanzu in na ga hoton zan iya cewa wannan ɗa ne, wannan jika ne. Saura ɗaya: duk bayanin na ƙarami ne yana yi wa babba. In ɗa ne ya riga iyayensa fa, me suke sawa?

Baba_Lawal:
A littafi an rubuta wa iyaye makokin 'ya'yansu, amma a aikace, musamman a arewa, ba sa ɗaura ƙyalle kuma ba sa raka gawar maƙabarta, a gida ake barin su da masu rarrashi. Suna kwatanta abin da ɗanyen ganye da ya faɗo alhali busasshe yana kan reshe. Maimakon haka mamacin ne ake ɗaura wa. Wajen naɗin likkafani sai a zagaya farin ƙyalle a kansa, domin ya tafi da bashin makokin da bai zauna ya yi wa iyayensa ba.

Hajiya_Binta:
Allahu akbar. Baba, ƙyalle ɗaya ne ko da iyayen biyu suna raye?

Baba_Lawal:
Zagaye biyu in duka suna raye, Hajiya, ɗaya in ɗaya ne ya rage. Malam Tela ya duba mana ko a kudu ma haka suke yi, tunda ɗaurinsu ya bambanta.